Gwanin Fili ko Malamin Kulob: Wa Ya Dace Ya Koya Maka Tuƙa Ƙaramin Jirgi Mai Rimot?

Ƙaramin jirgin sama mai rimot, irin mai fiffike wanda ake haɗawa a gida a kai shi fili a tashe shi, ba ya tsayawa cak a sama ya jira mai shi ya yi tunani kamar yadda jiragen ɗaukar hoto masu farfela huɗu suke yi. Tun daga lokacin da tayoyinsa suka bar ƙasa har ya dawo, dole ne ya ci gaba da tafiya, kuma dole ne wani ya riƙa ba shi umarni a kowace daƙiƙa. Shi ya sa sabon shiga da ya tashe shi shi kaɗai yakan koma tsintar ɓaraguzai kafin minti ɗaya ya cika, shi ya sa kuma zaɓen malami ya fi zaɓen jirgin nauyi. Jirgin da ya karye ana manne shi da gam ko a sayi wani, amma wanda aka fara wa karatu ba daidai ba yakan bar harkar baki ɗaya, ko ya ɗauki wata ɗabi'a da za ta sa wata rana farfelarsa ta yanki mutum.

Mai son koyo yakan tarar da hanyoyi huɗu a gabansa. Akwai gwanin fili, wanda kowa ke barin abin da yake yi ya ɗaga kai idan yana juya jirginsa, wanda kuma sau da yawa aboki ne ko ɗan'uwa. Akwai malamin da kulob ya naɗa, mai koyarwa kyauta a ƙarshen mako. Akwai malamin da ake biya, mai tara darussa cikin kwanaki kaɗan a jere. Sai kuma na'ura, wato manhajar kwaikwayon tuƙi ta kwamfuta da jiragen da ke daidaita kansu a sama. A ganina malamin kulob mai haƙuri shi ne ginshiƙi, sauran ukun kuwa kowanne yana da wurin da yake da amfani, amma idon sabon shiga gwani yake fara gani, don haka tsakanin waɗannan biyun ne zan fi daɗewa.

Ya kamata a fara da abin da ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar suke ɗauka a matsayin iyawa. A Birtaniya, ƙungiyar BMFA, wadda asalinta ya koma 1922, tana da jarrabawar da ake kira takardar shaidar A, kuma ita ce kulob-kulob da yawa suke nema kafin su bar mutum ya tuƙa shi kaɗai. A ɓangaren jirgi mai fiffike da inji, wanda ake jarrabawa zai zo da jirgin da bai gaza kilo 1 ba, ya duba shi a ƙasa a gaban mai jarrabawa, ya tashi ya yi zagaye, ya zana siffar lamba 8 a sama ba tare da jirgin ya hau ko ya gangara ba, ya yi zagaye mai kusurwa huɗu ta dama da ta hagu, ya sauka a wurin da aka shata, sannan ya rage wuta gaba ɗaya daga tsayin kusan ƙafa 200 ya kawo jirgin ƙasa kamar inji ya mutu. Bayan haka sai tambayoyi a kan doka da kiyaye lafiyar jama'a. Babu juyi ko mirgine ko ɗaya a cikinta, waɗannan sai a takardar B. Ke nan duk abin da sabon shiga yake bukata a watanninsa na farko tafiya ce a miƙe, da kwana mai tsabta, da sauka lafiya, kuma ba waɗannan ne suka sa ake kiran gwani gwani ba.

Ma'aunin malamin kansa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. BMFA tana da matakai, tun daga malamin da kulob ɗinsa ya amince da shi har zuwa wanda babban malamin yanki ya gwada. A Ostareliya ƙungiyar MAAA tana ba da lambar tagulla da ta azurfa da ta zinariya gwargwadon iyawa, a Afirka ta Kudu kuma ƙungiyar SAMAA tana da matakin tuƙi kai kaɗai, sannan tagulla, azurfa, zinariya, da matakin malami a sama da su. A Amurka, inda aka kafa ƙungiyar AMA a 1936, shugabannin kulob ne suke zaɓen waɗanda za su koyar da baƙi a shirin gabatar da sababbin matuƙa. Takarda tana da amfani, domin tana tabbatar maka cewa wani ya taɓa duba hannun mutumin ya ga zai iya ceto jirgi daga mugun hali. Abin da ba za ta nuna maka ba shi ne yadda yake yi da ɗalibi, wannan kuwa sai an je fili an gani da ido.

Kayan aikin da ke raba malami da mai taimako kawai su ne tagwayen rimot. Ana haɗa rimot ɗin malami da na ɗalibi, da waya ko ba tare da waya ba, amma na malamin ne kaɗai yake magana da jirgin. A jikinsa akwai wani makunni mai sifirin wanda malami ke dannewa da yatsa. Muddin yana danne da shi, jirgin yana bin hannun ɗalibi, yana saki kuwa iko ya dawo wurinsa nan take. Tsarin ya yi kama da motar koyon tuƙi mai birki biyu, sai dai a nan duka sitiyarin ne yake komawa hannun malami.

A kan wannan makunnin ne ake gane kowa. Na tsaya a bayan ɗalibi da malaminsa na ga yadda abin yake: jirgin ya shiga kwana, fiffike ɗaya ya nutse fiye da kima, hanci ya fara kallon ƙasa, kafaɗun ɗalibin sun ɗaga, manyan yatsunsa sun ƙage a kan sandunan rimot da ake tuƙi da su. Malamin bai saki makunni ba. Cikin muryar da ba ta canza ba ya ce masa ya fara daidaita fiffike tukuna, sannan ya ja hanci sama a hankali. Jirgin ya zubar da tsayi mai yawa kafin ya miƙe, amma ɗalibin ne ya miƙar da shi, kuma a kwanar da ta biyo baya bai maimaita kuskuren ba. Abin da ya ba malamin damar yin wannan jinkiri shi ne tun farko ya kai jirgin tsayin da masu harkar suke kira tsayin kuskure uku, wato inda ɗalibi zai yi kuskure, ya ƙara wani wajen gyara na farko, ya ƙara na uku, kuma har yanzu da sauran sarari a ceto jirgin.

Gwani a irin wannan hali yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai idonsa, wanda ya saba da tsabtar tuƙi, ya kasa jure ganin jirgi a karkace, sai ya riƙa ƙwace iko da zarar an kauce kaɗan, ɗalibi ya gama batir guda bai taɓa gyara kuskurensa da kansa ba. Ko kuma ya amince da saurin hannunsa fiye da kima, ya bar ɗalibi yana yawo ƙasa-ƙasa, ranar da saurin ya gaza da ƙiftawar ido sai a kwashi jirgi a buhu. Mafi muni a cikinsu shi ne mai karɓar iko a ɓoye ya gyara ya mayar ba tare da ya faɗa ba, domin ɗalibin zai tafi gida yana zaton ya iya abin da bai iya ba. Malamin kirki yana faɗa da baki duk lokacin da iko ya sauya hannu. Zai ce "na karɓa", zai ce "na ba ka", kuma zai jira ɗalibi ya amsa, don kada a sami daƙiƙa ɗaya da kowannensu yake zaton ɗan'uwansa ne ke riƙe da jirgin.

Bambanci na biyu yana cikin harshe. Matsala mafi rikita sabon shiga ita ce idan jirgi ya juyo yana fuskantarsa, damar jirgin takan koma hagun matuƙin, sai ya tura sanda inda zai ƙara nutsar da fiffiken da yake son ɗagawa. Gwani ya wuce wannan mataki shekaru da yawa, yatsunsa ne ke yi ba tunaninsa ba, don haka in an tambaye shi sai ya ce da sabo ake iyawa. Malami kuwa yana da dabarar da zai miƙa: idan jirgi yana zuwa wajenka, tura sanda ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa, kamar kana tokare shi. Haka nan ba ya cewa "dama" kawai ya bar ɗalibi yana tunanin damar wa ake nufi, sun riga sun yi yarjejeniya cewa duk umarninsa a kan sanda yake. Kalmominsa kaɗan ne kuma ba sa sauyawa daga mako zuwa mako, dogon bayani kuwa yakan ajiye shi sai an sauka, saboda wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku ba ya jin lacca.

Kafin duk wannan akwai abin da ake yi a ƙasa, kuma a nan ne nake ganin ya fi sauƙi baƙo ya auna malami ko da bai san komai a harkar ba. Malami nagari ba ya tashin jirgin ɗalibi sai ya ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike ya ga inda nauyinsa ya daidaita, wanda a jirgin koyo yakan kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba, domin jirgin da bayansa ya yi nauyi ba ya jin magana. Zai motsa kowace sanda ya tabbatar faifan fiffike da na wutsiya, wato sassan da ke motsi su juya jirgin, suna tafiya inda ya kamata ba akasi ba. Zai rage ƙarfin rimot ya yi tafiyar kusan mita 30 ya ga ko saƙo yana isa. Zai riƙe jirgin, ya kashe rimot da gangan, ya tabbatar injin ya tsaya, don kada ranar da saƙo ya yanke jirgin ya tafi da wuta cikin jama'a. Zai koya maka kunna rimot kafin haɗa batir da cire batir kafin kashe rimot, kuma ba zai bari hannunka ya ratsa da'irar farfela ba ko da injin a kashe yake, tunda injin lantarki ba ya gargaɗi kafin ya tashi. Batirin litiyam ma darasi ne mai zaman kansa: kowane ɗaki nasa, wato ƙwayar batir guda a cikinsa, bolt 4.2 yake cika, ana ajiye shi a wajen 3.8 in ba za a yi amfani da shi ba, ba a cajinsa a bar wurin, wanda ya kumbura kuma an daina aiki da shi. Gwanaye da yawa sun san duk wannan, amma suna yi da sauri cikin shiru. Malami yana yi a bayyane, daga baya ya sa ɗalibi ya yi da hannunsa yana kallo.

Ko saitin jirgin ya bambanta. Gwani yana son sanda mai kaifi wadda taɓawa kaɗan ke juya jirgi, malami kuwa yakan rage tafiyar faifan ya tausasa tsakiyar sanda, ya kuma dage a fara da jirgi mai fiffike a saman jiki, mai ɗan ɗagowa a gefuna biyu, wanda yake komawa daidai da kansa in an sake shi. Duk wanda ya ce ka fara da jirgin yaƙi mai kyan gani saboda shi zai riƙe maka, sha'awarsa yake bi.

Sauka ita ce inda karatu yake ɗaukar lokaci, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Malami mai tsari ba ya kai ɗalibi ƙasa kai tsaye. Yakan sa shi ya yi ta bin layin sauka a can sama, yana fuskantar iska, yana rage wuta yana jin yadda jirgin ke nutsewa, sannan a riƙa sauko da layin kaɗan-kaɗan a kowane zagaye. A can saman ne kuma zai sa shi ya rage gudu da gangan har iska ta saki fiffike, hanci ya faɗi, don ɗalibi ya san alamun abin kafin ya same shi a tsayin mita 3. Babban abin da yake dasawa shi ne fasa sauka ba abin kunya ba ne: in layin bai yi kyau ba, a ba da wuta a sake zagayowa. Tunda batir ɗaya a jirgin koyo minti goma ne ko kusa da haka, malami yana lura da agogo, yana kuma lura da gajiyar ɗalibi, wadda takan riga batir zuwa. Tashi uku ko huɗu masu natsuwa a yini sun fi goma da aka yi a gigice.

Ba ina cewa gwani ba shi da rana ba ne. Sabon jirgin da bai taɓa tashi ba, hannun gwani ya fi dacewa da shi a tashin farko, domin ba wanda ya san inda zai karkata, kuma cikin daƙiƙu kaɗan ake bukatar a daidaita shi. Bayan mutum ya iya tashi da sauka shi kaɗai yana son juyi da tafiya a kife, wurin gwani zai koma. Akan kuma sami mutum ɗaya da ya haɗa gwaninta da iya koyarwa, wanda ya dace da irinsa kada ya sake shi.

Tsakanin malamin kulob da malamin kuɗi kuwa, maganar ta lokaci ce. Raunin kulob shi ne tazara: ana haɗuwa mako-mako, iska ko ruwa su cinye wani makon, ɗalibai su yi layi a kan malami ɗaya, wani lokaci kuma yau wannan ya koya maka gobe wancan, kowa da salonsa. Kulob mai tsari yana magance wannan da katin ɗalibi inda ake rubuta matakin da ya kai. Malamin kuɗi yana ba ka kwanaki a jere da jirginsa da rimot ɗinsa, abin da hannu ya koya jiya bai huce ba ake ɗora na yau, don haka ya dace da mai nisa da kulob ko mai ƙarancin lokaci. Sai dai in kwanakin suka ƙare za ka koma filin da ba ka sani ba, ba tare da wanda zai duba maka jirgi ba. Kulob kuma yana zuwa da inshora ta hanyar ƙungiya: ta BMFA tana kai fam miliyan 25 a kan ɓarnar da aka yi wa wani, ta AMA dala miliyan 2.5. Kowanne ka zaɓa, ka tambayi tsarin sandunansa tun ranar farko. A tsari na biyu, wanda ya fi yawa a Amurka da Birtaniya, totur yana hannun hagu, a tsari na ɗaya kuwa yana dama, kuma sauyawa bayan hannu ya saba wahala ce da ba ta da dalili.

Manhajar kwaikwayo irin su RealFlight tana da aiki guda da ta fi kowane malami iyawa, wato maimaici. A cikinta mutum zai faɗi sau ɗari a dare ɗaya bai yi asarar ko sisi ba, har rikicin dama da hagu ya bar yatsunsa. Amma allo ba ya koyar da auna nisa a sarari, ba ya sa tsoro, ba ya hana ka ɗabi'ar fizgar sanda. Jirage irin su Apprentice na E-flite, masu tsarin SAFE, suna hana fiffike karkata fiye da wani mizani a matakin sabon shiga, suna kuma da maɓallin da ke miƙar da jirgi in an rikice. Sun ceci jirage da yawa, sai dai a wannan mataki mutum yakan saba da riƙe sanda a gefe har kwana ta ƙare, alhali a jirgin da ba shi da wannan tallafi hakan mirgine shi zai yi. Malami nagari ba ya raina waɗannan kayan, yana ba da aikin gida a manhaja, yana kuma cire ɗalibi daga matakin tallafi da wuri tunda makunnin da ke hannun malamin ya riga ya tsaya wa ɗalibin.

Mai karatu da ke Kano ko Kaduna ko Damagaram, inda samun kulob mai rajista da malamai ke da wuya, zaɓinsa yakan taƙaita ga manhaja da wani da ya riga shi iyawa. Ma'aunin bai sauya ba. Ku nemi rimot biyu masu jituwa ku haɗa su, domin miƙa rimot ɗaya daga hannu zuwa hannu yana cin daƙiƙun da jirgi mai faɗowa ba shi da su. Ku nemi fili nesa da filin jirgin sama da barikin soja da gidaje da turakun lantarki, ku ware mutum guda da zai tsare yara a bayan layi, tunda ƙarar farfela tana tara su nan da nan. Kada a bar batir cikin mota a rufe da zafin bazara. Malamin da ya cancanta kuma zai fara da maganar doka: a Najeriya, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta shardanta samun izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a tashi jirgi marar matuƙi, kamar yadda a Amurka tun 2021 ake bukatar mai tuƙin nishaɗi ya ci jarrabawar kiyaye lafiya da ake kira TRUST, kuma a wurare da yawa ƙa'idar tsayi ƙafa 400 ce, wato kusan mita 120.

Shawarata ga wanda yake da zaɓi ita ce ya je fili sau ɗaya ko biyu ba tare da jirgi ba, ya tsaya a bayan layin matuƙa ya saurara. Ya lura ko malamin yana sanar da tashi da sauka da babbar murya don sauran matuƙa su ji, ko idonsa yana barin jirgin yayin da ɗalibi ke riƙe da shi, da kuma abin da yake faɗa wa ɗalibi bayan mummunar sauka. Ya tambaye shi matakan da yake bi daga ranar farko zuwa ranar da zai raba tagwayen rimot ya bar ɗalibi shi kaɗai, da abin da zai sa ya ce yau iska ta yi yawa ba za a tashi ba, da wanda ke ɗaukar asara in jirgi ya faɗi a tsakiyar darasi. Ya kuma nemi ganin waɗanda suka koya a hannunsa suna sauka, domin a saukarsu ake ganin aikinsa. In yaro ne za a kai, uba ko uwa su zauna a filin har a tashi, su kuma tambayi kulob ɗin tsarin da yake da shi na kare yara kafin a rubuta sunansa.